Yadda ake ribas da ƙaramin jirgin ruwa mai ƙyallen iska idan an kunna inji

Duk wanda ya iya mota, ranar farko da aka ba shi sitiyarin jirgin ruwa irin mai dogon turke da ƙyallen iska ɗinnan aka ce ya ja da baya, abu ɗaya ne ke faruwa. Zai sa ribas ya murza sitiyari dama, jirgi kuma ya kama hanyar hagu abinsa kamar ba da shi ake ba. Sai ya ƙara murzawa har ƙarshe, ya ƙara wuta, jirgi ya ƙara karkacewa, kafin ka ce kwabo ƙeyarsa ta nufi jirgin maƙwabci ana ta ihu daga kan jeti, wato dandamalin bakin ruwa da ake ɗaure jirage. Kuma fa ba wai sitiyarin ne ya lalace ba, lafiyarsa ƙalau, haka jiragen nan suke. Mota tana da taya da ke riƙe ƙasa, inda ka juya tayar nan zata bi ko da kana rarrafe ne. Jirgi ba shi da abin riƙewa sai ruwa, ba shi da birki, kuma ko ka cire giya iska ba zata bar shi ya tsaya wuri ɗaya ba.

Bari mu daidaita sunaye tukun don kar mu rikice a gaba. Gaban jirgi zan riƙa ce masa goshi, bayansa kuma ƙeya. Idan na ce hagu ko dama, ina nufin hagun jirgin da damansa lokacin da kake fuskantar goshi, ko da kai ka juya kana kallon baya, wannan ka riƙe shi da kyau don nan ne mutane suka fi ruɗewa. A ƙarƙashin ƙeya akwai farfela da inji ke juyawa, a bayan farfelar kuma akwai wani allo tsaye cikin ruwa, shi ne allon tuƙi, shi sitiyari ko sandar tuƙi ke juyawa. Sai a tsakiyar cikin jirgin daga ƙasa akwai fiffike mai nauyi na ƙarfe ko dalma, wanda ke hana iska kifar da jirgi. Injin ciki na irin waɗannan jiragen yawanci na dizal ne, Yanmar ko Volvo Penta, ƙarfin doki 10 zuwa 30 haka, ba wani babban inji bane tunda asalin aikin jirgin da iska ne, inji na shiga da fita tasha ne da ranar da iska ta ɗauke.

To me ya sa sitiyari baya ci a ribas? Allon nan baya aiki sai ruwa na gudu a jikinsa. Idan kana tafiya gaba, farfela tana gaban allo, ruwan da take turawa kai tsaye yake dukan allon, shi ya sa ko jirgi na tsaye cik ka juya sitiyari ka ba shi wuta, nan take ƙeya zata zabura gefe. Amma da ka sa ribas sai ruwan ya koma ta ƙarƙashin jirgi ya nufi goshi, allo bai samu komai ba. Sai jirgin da kansa ya fara tafiya da baya ya ɗan samu gudu, kamar not ɗaya zuwa biyu, wato kilomita 2 zuwa 4 a awa tunda not ɗaya a ma'aunin gudun jirgi kilomita 1.852 ne a awa, sannan allo zai fara ji. Kafin nan duk murɗar da kake yi wa sitiyari wahalar banza ce, har ma tana ɓata maka lissafi, don lokacin da allon zai farfaɗo zai same shi a karkace har ƙarshe.

A ɗan wannan tsakanin da allo bai fara ci ba, farfela ce ke mulki. Ita farfela idan tana juyawa ba baya kaɗai take jan jirgi ba, tana kuma tura ƙeya gefe guda, kuma kullum gefe ɗaya ne a jirgi ɗaya, baya canzawa. Wadda ke juyawa irin na hannun agogo a giyar gaba idan ka kalle ta daga baya, ana ce mata ta dama, a ribas ƙeya take ja zuwa hagu. Wadda ke juyawa akasin haka kuma dama take ja. Dalilin yana da alaƙa da yadda sandar farfela take a ɗan karkace zuwa ƙasa da kuma yadda ruwan da take watsawa yake dukan jikin jirgi ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, amma gaskiya ba sai ka haddace wannan ba. Abinda ya zama dole shi ne ka san naka jirgin ina yake jefa ƙeya, kuma da wane ƙarfi.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce kuma ba sai ka kwance igiya ba. Jirgi na ɗaure a jeti da igiyoyinsa tamau, ka kunna inji, ka leƙa ka tabbatar ruwan sanyaya inji na fitowa ta salansa, ka miƙar da sitiyari, sai ka sa ribas ka ba shi wuta kaɗan. Yanzu ka leƙa gefen dama ka leƙa gefen hagu, wajen tsakiyar jirgi zuwa baya. Zaka ga gefe ɗaya ruwa na tafasa yana kumfa yana kwaso ɗan dattin da ke yawo a tasha, guntun leda da ganye suna ta juyi, ɗaya gefen kuma shiru kamar ba a kunna komai ba. Idan tafasar a dama take, ƙeyarka hagu zata. Idan a hagu take, dama zata. Minti ɗaya ne kawai, kuma duk jirgin haya da aka ba ka, ka yi wannan gwajin kafin ka tambayi inda firji yake.

Daga nan zan ɗauka farfelarka ta dama ce, mai jefa ƙeya hagu. Wanda tasa ta hagu ce sai ya juya duk abinda zan faɗa.

Tunda ka san jirgi zai karkace hagu da ka sa ribas, to ka ba shi wurin karkacewar tun farko. Kafin ka tsaya, ka ɗan kautar da goshi zuwa hagu kamar digiri 15 ko 20 daga layin da kake son bi, kaga ƙeya ta koma tana kallon dama da inda zaka. Ka maida giya firi, ka jira inji ya sauko sulo, daƙiƙa ɗaya ko biyu, kar ka fizgo hannun giya daga gaba zuwa baya kai tsaye don giyabos zaka kashe. Ka miƙar da sitiyari. Sai ka sa ribas ka ba shi wuta sosai, ba wai ɗan lallaɓawa ba. Nan ne sabon shiga ke jin tsoro, gani yake a hankali ya fi aminci, alhali idan ka bar inji a sulo jirgi zai daɗe bai samu gudu ba, duk tsawon lokacin kuma farfela na ta tura ƙeya gefe, iska ma na nata aikin. Gara ka ba shi wuta mai kyau na daƙiƙa uku zuwa biyar, jirgi ya tsaya da tafiyar gaba ya fara ja baya, ƙeya ta lilo hagu ta dawo kan layin da ka tanada mata, sai ka rage wuta ko ka maida firi gaba ɗaya.

Wannan maida giya firi ɗin shi ne dabarar da ta fi kowace amfani a wajena. Da farfela ta daina juyawa turin gefen nan ya ƙare, jirgi kuma saboda nauyinsa zai ci gaba da zamewa baya, tan huɗu ko biyar baya tsayawa nan take, kuma yanzu allo ne kaɗai ke magana. Zaka ji sitiyari ya yi nauyi a hannunka, alamar ya fara ci kenan. Idan gudu ya fara mutuwa ka sake sa ribas ka ɗan ba shi wuta ka cire. Da jirgi ya riga ya samu tafiya turin farfelar baya damunka kamar na farko, kana iya barin giyar a ciki ma a ƙaramar wuta.

Kada ka duba jikin jirgi don sanin ko ka fara ja baya, kumfar farfela zata yaudare ka. Ka kalli gefe, ka samu abu biyu a tudu, turken fitila da ginin da ke bayansa misali, ka ga lokacin da suka fara gocewa juna.

Sai maganar inda zaka tsaya. Idan jirgin mai sitiyari ne kuma akwai fili, ka zagaya ka tsaya ta gaban sitiyarin kana fuskantar ƙeya. Daga nan abin ya zama da sauƙi, saman sitiyari ka kai shi ɓangaren da kake so ƙeya ta bi, shikenan ba wani lissafi. Wasu sun fi son tsayawa a gefe, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a hannun giya, suna iya ganin gaba da baya, ni ma na fi son haka a wuri mai matsi, amma ka zaɓi ɗaya ka saba da shi, kar ka riƙa canza wuri a tsakiyar aiki. Idan kuma mai sandar tuƙi ne, wanda yawancin ƙananan jirage ƙasa da mita 9 haka suke, ka tuna sanda da allo kishiyar juna suke, ka tura sanda hagu allo ya tafi dama ƙeya ta bi dama. Mafi sauƙi ka juya ka kalli baya, ka manta da kan sandar da ke hannunka, ka riƙa saita gindinta, inda gindin ya nuna can zaka.

Kuma don Allah ka riƙe da ƙarfi. A tafiyar gaba ruwa ne ke miƙar da allo da kansa, ko ka saki baya wani abu. A ribas akasin haka ne, da allo ya ɗan karkace ruwa zai kama bakinsa ya fizge shi har ƙarshe da ƙarfin tsiya. Sandar tuƙi tana iya dukan mutum a cinya ko haƙarƙari ta matse shi da gefen wurin zama, sitiyari kuma ya ƙwace ya juya da gudu, idan yatsa na tsakanin ƙarafunansa sai dai a yi haƙuri, ga kuma ɓarnar da bugun ke yi wa allon da wayoyin sitiyari. Shi ya sa ba a gudu a ribas, kuma ba a juya allo da yawa. Digiri 10 zuwa 20 ya wadatar. Ka wuce haka allo ya daina tuƙi ya koma birki, gudu ya mutu, ka koma gidan jiya. Ka juya kaɗan ka jira, jirgi baya amsawa nan take, kuma idan ya fara juyawa baya son dainawa, don haka ka fara miƙewa tun kafin ƙeya ta kai inda kake so.

Wani abin da ake mantawa, mutum ya zuba ido a baya ya manta yana da goshi. A tafiyar gaba jirgi yana juyawa ne a kan wani wuri kusa da turke, wajen kashi ɗaya cikin uku daga goshi, ƙeya ce ke lilo waje. A ribas wurin juyawar yana komawa baya, sai goshi ya zama shi ke share fili mai faɗi, kuma a goshin ne anka, ƙugiyar ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan ruwa ta riƙe jirgi, take rataye da bakinta mai kaifi, tana jiran fentin jirgin wani. Duk kwanar da zaka yi da baya ka waiga ka ga ina goshi ya nufa.

Iska kuwa ita ce babba, ta fi farfela ƙarfi da zarar ta ɗan taso. Goshin jirgi ba shi da nauyi, bai nutse sosai ba, ga naɗaɗɗen ƙyalle a kansa yana kama iska, su kuma fiffike da allo suna riƙe tsakiya da baya. To da jirgi ya rage gudu, goshi ne ke fara bin iska, ƙeya ta juya ta fuskanci inda iskar ke fitowa. Wannan yana nufin ribas mafi daɗi shi ne wanda ƙeya ke shiga cikin iska, jirgi da kansa yake miƙewa, kana iya ma tsayawa wuri ɗaya da ƙaramar wuta kana jiran a ba ka gurbi. Mafi wuya kuma shi ne iska na dukan goshi kana ja da baya, goshi zai ta neman faɗuwa gefe ɗaya. Idan kana da zaɓi, ka fita wuri mai faɗi ka fara ribas ɗinka ƙeya na kallon iska, ka samu gudu, sannan ka kewayo da baya zuwa inda zaka. Ba wanda ya ce dole sai a bakin gurbi ake fara ribas, ka fara daga nesa, tsawon jirgi shida ko goma ma ba laifi. Idan iskar ta gefe ce kuma sai ka ƙara gudu kaɗan fiye da yadda ranka ke so, ka saita ƙeya sama da gurbin ta ɓangaren iska don zata gangaro da kai. Kafin ka shiga tasha ka duba tutoci da ɗan kibiyar da ke saman turke, ka duba kuma ko ruwa na gudu, don a wuri irin tashar Legas ko bakin kogunan kudancin Ingila jan ruwa idan teku na cika ko janyewa yana iya fin iskar tasiri.

To idan abu ya ƙwace fa, ƙeya ta tafi hagu ta ƙi dawowa? Giyar gaba ce maganin, tunda ita ce ke watsa ruwa kan allo. Amma a kula, a nan sitiyari juyawa yake. Kana so ƙeya ta koma dama, sai ka maida firi, ka murza sitiyari hagu, ka sa giyar gaba ka ba shi wuta mai ƙarfi ta daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai, ƙeya zata yi tsalle dama ba tare da jirgi ya fara tafiya gaba ba, ka cire, ka miƙar da sitiyari, ka koma ribas. Idan kuma ka ga lissafin ya ɓaci gaba ɗaya, fita kawai ka sake dawowa. Masu jirgi na gaske basa dariyar wanda ya fita ya sake shiri, wanda ya nace har ya daki na wani shi ake zagi.

Wannan turin gefen da ake ta kuka da shi yana da ranarsa. Idan ka shiga lungu tsakanin layin jirage kana so ka juya a wuri ɗaya, mai farfelar dama ya juya ta dama. Sitiyari dama har ƙarshe ka bar shi a nan, wuta gaba kaɗan goshi ya tafi dama, firi, ribas da wuta ƙeya ta tafi hagu, kafin jirgi ya fara ja baya sosai ka koma gaba, haka haka har ka juyo, kusan a tsawon jirgin kansa. Gwada ta hagu kuwa ka sha wahala. Haka wajen jingina da jeti, ɓangaren hagu ya fi maka sauƙi, ka shigo a ɗan karkace, da ka sa ribas don tsayawa ƙeya da kanta zata matso jikin jeti.

Ba duka jirage ne halinsu ɗaya ba. Na zamani irin su Beneteau da Jeanneau da Bavaria da suka cika kamfanonin haya, masu gajeren fiffike da allo mai zaman kansa, suna bin ribas da kyau da zarar sun samu gudu, musamman waɗanda farfelarsu ke kan wata ƙafa da ta sauko tsaye daga ƙarƙashin inji, su turin gefensu kaɗan ne. Masu allo biyu kuma a ribas lafiya lau, amma dabarar nan ta watsa ruwa da giyar gaba bata ci a kansu, don farfela na tsakiya alluna na gefe. Sai tsofaffin masu dogon fiffike tun daga tsakiya har ƙeya, irin Contessa 26 na Ingila ko Westsail 32 na Amurka, waɗannan a teku ba a fin su natsuwa, amma a ribas sai abinda suka ga dama. Mai irin wannan jirgin ya riƙa tafiya da gajerun ribas yana gyara ƙeya da bugun giyar gaba, kuma kar ya ji kunyar amfani da igiya ya ja jirginsa da hannu ya juya shi a jeti. Ita ma farfelar tana da nata, mai naɗewa idan an kashe inji tana ɗaukar lokaci kafin ta buɗe ta kama ruwa a ribas, sai an ba ta wuta sosai, don haka kar ka dogara da ita a matsayin birkin minti na ƙarshe.

Wanda jirginsa injin rataye ne a ƙeya, mai doki 4 zuwa 6, shi ya fi kowa sa'a, don injin kansa yana juyawa, inda ka nuna farfela nan ƙeya zata bi ko babu gudu. Masu tuƙa kwale-kwale mai inji a Yawuri ko tafkin Chadi sun san wannan sarai. Bambancin kawai a nan akwai allo kusa da injin, ko dai ka riƙe allo a miƙe ka tuƙa da inji, ko ka juya su tare ɓangare ɗaya, kuma ka duba tun a tudu ko farfela na iya taɓa allon idan an juya har ƙarshe don tana cin gefensa. Ka tabbatar makullin da ke hana inji ɗagowa ya kama, in ba haka ba da ka sa ribas ƙafar injin zata yi tsalle ta fito daga ruwa tana ihu. Ƙananan injuna irin Honda mai doki 2.3 da Suzuki mai 2.5 ba su da giyar baya sam, juya injin ake gaba ɗaya ya kalli baya. Sannan idan mutum mai jiki ya tafi goshi ɗauko igiya, ƙeya na ɗagawa farfela ta fito, sai ka ji ƙara ba tafiya.

Inda duk wannan karatun yake zama dole shi ne Bahar Rum. A Girka da Turkiyya da Kuroshiya ba a cika jingina jirgi da gefe ba, da ƙeya ake shiga a jera su kamar haƙoran mataji, kowa da ɗan gurbinsa. A tasoshin garuruwan Girka yawanci anka zaka jefa, a marinonin Kuroshiya da Turkiyya kuma, wato tasoshin da aka gina don ajiye ƙananan jirage, akwai igiyar da aka riga aka ɗaure a ƙasan ruwa, ma'aikaci zai miƙo maka siririn bakinta daga jeti ka bi da ita zuwa goshi. Ga shi lokacin shiga tasha da la'asar ne, daidai lokacin da iska ta fi ƙarfi, a tekun Aegean a watannin Yuli da Agusta kuwa iskar arewa da suke kira meltemi tana iya kwana da kwanaki tana kaɗawa, mutane kuma na zaune a shagunan shayi a bakin ruwa ba su da aikin da ya wuce kallonka.

Ka shirya komai tun a waje, robobin kariya da ake ratayawa a jikin jirgi don kar ya gogu a gefe biyu da ɗaya a ƙeya, igiyoyi biyu na baya a ɗaure a warware, ƙaramin kwale-kwalen roba a maida shi goshi ko gefe. Ka fara ribas daga nesa ka daidaita da gurbin. Idan ya rage tsawon jirgi uku zuwa huɗu, ka yi wa na goshi alama ya saki anka, kuma ka ja masa kunne tun farko ya bar sarƙa ta zuba ba tsayawa, don idan ya riƙe ta a tsakiya jirgi zai tsaya cak, allo ya mutu, iska ta kwashe ku ta kwantar kan sarƙoƙin maƙwabta. Ka duba inda sarƙoƙin wasu suka nufa kafin ka jefa taka, a ƙaramar tasha irin ta tsibirin Hydra a Girka da safe sai ka ga jirage sun ɗago ankar juna ana ta cacar baki da yaruka biyar. Idan ya rage kamar mita ɗaya da jeti, bugun giyar gaba ya tsaida kai, a fara miƙa igiyar ɓangaren da iska ke fitowa, ita ce mai riƙe jirgi, ɗayar ta biyo baya, sannan a ja sarƙa ta yi tauri. Ka leƙa ƙasan jeti ma, wasu tsofaffin tasoshin akwai duwatsu a gindin bango, kuma allonka ne zai fara isa wurin.

Igiya a ruwa kusa da farfela mai juyawa, wannan ita ce ke kashe inji a mafi munin lokaci, kuma ribas ya fi gaba tsotso ta. Igiyar kwale-kwalen roba ce ta fi yin wannan aika-aikar, sai siririyar igiyar marina idan za a fita ba a jira ta nutse ba. Duk wanda ya ga igiya ta faɗa ruwa ya faɗa da ƙarfi, kai kuma ka maida firi nan take. Kuma ka gaya wa duk wanda ke cikin jirgi, musamman baƙi masu son taimako, ba a tare jirgi da hannu ko ƙafa, a ba mutum ɗaya robar kariya a hannu ya riƙa zagayawa yana saka ta inda za a gogu. Fenti ana sake shi.

A doka kuma, da ka sa inji a giya jirginka ya zama jirgi mai inji ko da ƙyalle na sama, ba ka da wani fifikon masu tafiya da iska. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972, a doka ta 34, sun ce gajerun oda uku na nufin injina na aiki da baya. Ƙananan jirage ba su cika busawa a cikin marina ba, amma idan ka ji jirgin fasinja ya busa uku a tasha ka san ya sa ribas, ka ba shi wuri tun kafin ruwan farfelarsa ya iso ka.

Wajen koyo, ka samu rana mai sanyin iska ka fita inda ba kowa, ka ɗaure jarka biyu da igiya da dutse ka jefa su da tazarar tsawon jirgi huɗu ko biyar. Ka fara da miƙaƙƙen layi da baya daga ɗaya zuwa ɗaya, sannan ka zagaya su da baya kamar kana rubuta 8, sannan ka koyi tsaida ƙeya dab da jarka ba tare da ka taɓa ta ba, ta ɓangaren iska da ta kishiyarta. Ka lura da wutar da jirgin ke buƙata kafin allo ya fara ci, da nisan da yake zamewa bayan ka maida firi, don waɗannan biyun kowane jirgi da nasa. Idan hannu ya faɗa sai ka sake fita ranar da iska ta ɗan taso ka maimaita duka, wannan karon da mutum a goshi yana sakin anka.